Noelene Mai Murza Tsirkiya

Shekara talatin da ɗaya Noelene Pfitzner ta yi tana murza mana tsirkiyar goge, ba ta taɓa jin kiɗan da muke yi da ita ba. Ba kurma ba ce, kunnenta ma ya fi nawa. Laifin namu ne mu huɗu, kuma tunda ni na fi sauran kusa da ita, kaso mafi tsoka nawa ne.

Mu ba wasu shahararru ba ne. Ni sunana Glenys, malamar firamare ce a Adelaide har na ajiye aiki, kuma babban goge nake ja, wanda ake kira gamba, mai tsirkiya shida, ana riƙe shi tsakanin gwiwoyi. Ros da ƙanwarta Jill su ke da ƙananan goge. Sai shugabanmu Wim Terpstra, wanda ya zo daga Holan yana saurayi, har ya yi furfura harshensa bai saki ba. Shi ke kaɗa hafsikod, kakan piyano, wanda ya ƙera da hannunsa a gareji cikin shekara uku. Kiɗan shekara ɗari uku da suka wuce muke yi, da irin kayan da mutanen wancan zamani suka riƙe, sau huɗu a shekara, a wata ƙaramar coci da ke cika da mutum sittin. Tsirkiyar goge a wajenmu sai ta hanjin tunkiya. Ka ce wa Wim ta ƙarfe ta fi sauƙi, sai ya dube ka kamar ka zagi uwarsa.

An haifi Noelene a gonar alkama a Mallee, ita ce ta biyar cikin bakwai. Tana shekara goma sha huɗu aka cire ta daga makaranta, tana sha shida ta sami aiki a mayankar garinsu, a rumfar can baya inda ake wanke hanji don yin sosej, wato niƙaƙƙen nama da ake cusawa a hanji. Rumfar da mahautan kansu ba sa so iska ta juyo daga wajenta. A nan ta yi kuruciyarta, hannu a cikin ruwan gishiri daga safe har la'asar. Ta auri Des, mai aske wa tumaki gashi, wanda ya riƙa cewa shi kaɗai ne namijin da zai iya aurenta, don shi ma ba turare yake yi ba. Suka haifi 'ya ɗaya, Kerry.

A wancan lokacin tsirkiya daga Turai ake aiko mana, ta yi wata huɗu a hanya, ta iso a bushe, rabi ta tsinke tun wajen ɗaurawa. Da abin ya ishi Wim sai ya ɗauki bokiti da wani tsohon littafi mai zane, ya kama hanyar mayanka. Mahauta suka yi dariya har suka gaji, sannan suka tura shi rumfar baya. Noelene ta sha ba ni labarin, kullum tana kwaikwayon muryarsa.

"Baiwar Allah, hanji nake nema, amma ba na ci ba."

"To na ratayawa a wuya ne?"

Ya zaro wata tsirkiya daga aljihu, wadda ya gwada murzawa da kansa, ya miƙa mata. Ta juya ta, ta shinshina.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Ko igiyar shanya ba ta kai ba. Ga kitse nan ka bari a jiki, ba ka gani? Kawo littafin."

Ba don tana son kiɗa ta karɓi aikin ba. Haushi ne ya kama ta, a ce mutum ya wulaƙanta hanji haka. Des ya haɗa mata abin murzawa da tayar tsohon keke a rumfar bayan gidansu. Sai ta kankare hanjin, ta jiƙa shi kwana da kwanaki a ruwan toka tana sauya ruwan safe da yamma, ta tsaga shi a tsaye, ta haɗa sili uku ko tara ko ashirin gwargwadon kaurin da ake so, ta murza, ta turara da farar wuta, ta ɗaure shi ya bushe a hankali, sannan ta goge da man zaitun. Sai da ta yi shekara biyu tana zubarwa kafin ta yarda ta ba mu ko ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da ido take gane ta ƙwarai. Sai ta miƙe tsirkiyar tsakanin hannayenta, ta tsinka da ɗan yatsa, ta ɗaga ta wajen hasken taga. In layi biyu ta gani suna rawa, tsirkiya ta yi. In na uku ya shigo tsakani, sai ta ce, "Maƙaryaciya ce," ta jefa wa Des ya ɗaure tumatir. Tumatirin gidan nan ya sha gata.

Ni ce mai zuwa karɓowa, don ni kaɗai ce ba na jin tsoron hanyar: awa biyu da rabi, kilomita ashirin na ƙarshe ba kwalta. Da haka muka saba. Ta kan dafa shayi baƙi ƙirin, ta gasa biredi, ta buɗe kwalbar jam na lemun da ke bayan gida. Amma ba ta taɓa miƙo min abinci da hannu ba, sai dai ta turo faranti. Hannayenta jajaye ne, duk sun tsattsage, kuma akwai wani wari da ya kama su wanda sabulu da lemun tsami suka yi iyakar ƙoƙarinsu suka bari. Ni bayan zuwa na biyu ban ƙara jin sa ba. Ita kuwa kullum tana jin sa.

Sau ɗaya tak ta zo jin mu. Des ya kawo ta, ta sa rigar cocinta da farar safar hannu, suka zauna a benci na biyu daga baya. Ranar an wuni ana yayyafi, cocin ta cika da numfashin mutane, tsirkiyoyi suka yi ta saki. Tsirkiyar hanji haka take, tana shan laima ta saki, ta bushe ta ɗaure, kamar tunkiyar ba ta gama mutuwa ba. Muka yi ta saiti, kowa na murɗa kunnen gogensa, Wim ya danna maɓalli ɗaya ya girgiza kai, mu sake. Masu zuwa jin mu sun saba, hira suke yi. Da muka shirya na ɗaga kai, wajen da suka zauna ba kowa.

Da na je karɓar tsirkiya wata na gaba na tambaye ta.

"Ai na ji ku," in ji ta. "Ƙiii, ƙiii, kamar ƙofar sito."

"Haba Noel, ba mu fara ba a lokacin. Saiti muke yi."

"Minti ashirin?"

"Hanjinki ne, ke kika san halinsa."

Ta yi dariya ta kawo wani zancen. Des ne ya raka ni mota ya gaya min gaskiyar. Wata mata mai abin wuya da ke kusa da su ta ciro hankici ta toshe hanci, can kuma ta tashi ta koma wani benci. Noelene ta zauna tana jira a fara kiɗa ko hankalin mutane ya bar kanta, mu kuwa muna can muna ƙiii-ƙiii. Da ta ga abin ba shi da ranar ƙarewa sai ta taɓa Des ta ce su tafi. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Da minti biyar muka yi, da ta ji.

Tun daga nan ba yadda ban yi ba, ta ce ita da cocin birni sai dai gaisuwa. Na roƙi Wim mu naɗa mata a kaset. Ya ce kiɗa ba kifi ba ne da za a sa shi a gwangwani, mutanen da suka rubuta shi don ɗaki suka rubuta da mutane a ciki, in Noelene za ta ji, to ta ji na gaskiya. Za mu je har gidanta mu kaɗa mata ita kaɗai, kamar sarauniya. Kowa ya ce madalla. Kuma da gaske muke, wannan shi ne abin takaicin. Sai dai lokacin zafi ba a fita da hafsikod, katakonsa siriri ne, zai tsage. Lokacin sanyi hanyar ta zama taɓo. Lokacin da yanayi ya yi daidai muna shirin wasanmu na coci. Shekara ta zagayo mu sake cewa baɗi. Aka rufe mayankar, ta koma karɓar hanji wajen wani mahauci, muna cewa baɗi. Des ya rasu a watan Janairu, tsakiyar zafi a ƙasarmu, muka je jana'iza ba kayan kiɗa, sai furanni. Ita kuwa ba ta taɓa tuna mana ba, mu kuma muka ɗauki shirunta a matsayin ba ta damu ba.

Kerry ce ta bugo min waya a farkon wata Fabrairu. Ta ce Noelene na fama da cutar daji a hanta, likitoci sun sallamo ta gida, sun ce makonni ne, ba watanni ba.

"Ta ce in gaya miki wani abu, Anti Glenys. Wai in mutanen nan sun gama saiti, tana so ta ji."

A ranar na tara su a garejin Wim. Kwana takwas ke nan zafi bai sauka daga digiri arba'in ba, iskar arewa na busowa kamar daga bakin tanda, an hana kunna wuta a waje ko'ina. Wim ya lulluɓe hafsikod da barguna, ya jera kwanonin ruwa a ƙarƙashinsa. Da na faɗi saƙon, hawaye ne ya fara zubo masa. Ina faɗin wannan don kada a ɗauke shi mugu.

"Za mu je," in ji shi. "Da zarar iska ta juya."

"Yaushe za ta juya?"

"Sun ce ƙarshen mako mai zuwa."

"Wim, matar nan ba ta da ƙarshen mako mai zuwa a aljihu."

"Glenys, ki yi tunani. Awa biyu da rabi a mota cikin wannan wuta, ga gargada. Ko bai tsage ba, kafin mu kai layi na biyu na kiɗan duk saitin ya watse. Shekara talatin tana jira, sai mu kai mata kukan kyanwa?"

Na ce to mu tafi ba hafsikod. Jill ta ce ai ba shi kiɗan kamar miya ba gishiri ne. Ros ta ce siraran tsirkiyoyinta biyu sun tsinke a makon nan suna cikin akwati ma, balle a waje. Kowa ya kawo hujja, kuma kowace hujja gaskiya ce. Wim ya ce Noelene ba ta taɓa ba mu rabin aiki ba, ba za mu kai mata rabin aiki ba. Wannan maganar ce ta sa na haƙura. Mun yi shekaru muna koya wa kanmu cewa abu in bai yi daidai ba gara a bar shi, har muka manta da abin da kowace tsohuwa ta sani, cewa da babu gara ba daɗi.

Kwana huɗu na daure. Ranar Talata na naɗe gogena da jiƙaƙƙen tawul a cikin akwati, na ɗora shi a kujerar gaba na ɗaura masa bel, na kama hanya ni kaɗai ban gaya wa kowa ba.

Kerry ta jawo mata gado zuwa falo, kusa da fanka. Noelene ta rame ƙwarai, idanunta sun yi rawaya. Hannayen nan sun yi fari, sun yi laushi, wata uku ba su taɓa ruwan toka ba. Ta leƙa bayana.

"Ina sauran?"

"Suna jiran iska ta juya."

"Wim ke nan," in ji ta. "Ranar da zai mutu ma sai ya tambayi laimar iska nawa ce."

Ta sa Kerry ta ɗauko wata takarda daga cikin Littafi Mai Tsarki. Takardar shirin wasanmu ce ta ranar nan, ta yi ja don tsufa. Ta ɗora yatsa a kan kiɗa na farko.

"Wannan za ku fara da shi. Shi nake so."

Na duba takardar. Kiɗan na goge biyu ne, su ke hira, wannan ya faɗa wancan ya amsa, su rabu su haɗu. Nawa aikin shi ne tafiya a ƙarƙashinsu, taku ɗaya bayan ɗaya, don su sami abin takawa. Shekara talatin abin da nake yi ke nan, ban taɓa jin ya yi kaɗan ba sai ranar. Na yi mata bayani.

"Ke dai ja," in ji ta. "Kuma kada ki yi min minti ashirin."

Minti biyu na yi, saitin bai ma zauna ba, na fara. Na san shi da ka. A kunnena ina jin Ros da Jill a sama, ina jin Wim na cike tsakani, don haka a wajena kiɗan cikakke ne. Sai da na kai tsakiya na tuna ita ba ta jin kowa sai ni: wata murya mai kauri tana hawa tana sauka a hankali, ba waƙa, ba komai. Can na iso inda nake hutawa, ƙananan goge su tafi su kaɗai. Na ɗaga bakan gogen ina ƙirga a zuci, kamar yadda na saba. Fanka na juyawa.

"Me ya faru? Ta tsinke?"

"A'a. Nan Ros ke shiga. Sai Jill ta bi ta."

"Me suke cewa?"

"Ba zan iya faɗa miki ba, Noel. Nan ne wurin da ya fi ko'ina daɗi."

"To rera min."

Ni da ko yaran aji uku sun san ba ni da murya. Na gwada, na kamo na Ros, da Jill ta shigo na rasa wanda zan bi. Na koma kan gogen na ƙarasa nawa. Kafin in kai ƙarshe zafi ya ja tsirkiya ta uku ta hau, ina ji ina ci gaba.

Ta miƙo hannu. Sannan ta ce in matso da gogen. Ta ɗora tafin hannunta a jikinsa ta ce in ja tsirkiya mafi kauri. Na ja. Ta rufe ido.

"Sili nawa na sa wa wannan?"

"Ke za a tambaya."

"Ashe haka take yi a jikin katako. Har cikin haƙarƙari." Ta buɗe ido. "Harsashin ginin ya yi kyau, Glen. Na ji harsashin. Ina so in ga gidan."

Na ce mata ranar Asabar za mu zo mu duka, ko da kuwa a kaina zan ɗauko hafsikod ɗin.

"Ki ce musu ba sai ya yi daidai ba," in ji ta. "Ni ban san daidai ba. Wa zai gane?"

Da zan tafi ta ɗauki yankan biredi daga farantin da Kerry ta ajiye, ta miƙo min da hannunta, ta ce in ci a hanya. Na tsaya a gefen titi bayan na bar gargada, na yi kuka mai isata.

Kai tsaye na wuce gidan Wim, ban ko biya gida na wanke fuska ba. Na faɗa masa duk abin da ta ce. Na ce gobe Laraba za mu tafi. Ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa ya riƙe kai. Ya ce masu hasashen yanayi sun tabbatar, ranar Juma'a da yamma iska za ta juyo daga teku, Asabar sama za ta yi lumshi, har da ɗan yayyafi. Kwana uku kacal. Ros tana aiki a kemis har Juma'a, Jill na jiran jikokinta. Ya ce ni da bakina na ce mata Asabar, ta san da Asabar, za ta jira. Ya ce na gan ta tana magana, tana tsokana, mai tsokana ba yau zai tafi ba.

Na yarda. Ba wanda ya tilasta min. Na gaji, kuma can cikin raina ni ma ina so ta ji shi yadda yake a kunnena, ba yadda zafi zai mayar da shi ba. Da na sani ƙeya ce. Muka yi atisaye ranar Alhamis da yamma, muka maimaita wurin nan da nake hutawa har sau shida don ya fito mata sarai.

Iskar ta juya ranar Juma'a da ƙarfe huɗu, kamar yadda aka ce. Duk unguwa aka buɗe tagogi, mutane suka fito bakin ƙofa. Ƙarfe shida Kerry ta bugo. Ta ce Noelene ta rasu da azahar, tana barci, ba ta wahala ba. Ta ce da safe ta sa an wanke mata gashi, an fito da rigar cocinta an goge, an rataye a jikin ƙofa saboda gobe.

Ban iya kiran kowa ba a ranar. Na ce sai da safe.

Ban kai ga ɗaga waya ba, ƙarfe bakwai ta yi ƙara. Wim ne, muryarsa wasai kamar ta yaro.

"Glenys, kin leƙa waje? Ga lumshi, ga sanyi, ba iska. Na cire wa hafsikod ƙafafu, na naɗe shi, yana cikin mota. Na taɓa shi kafin in rufe, ko maɓalli ɗaya bai gusa ba tun jiya. Kin ga amfanin haƙuri ko? Yau za ta ji abin da ba a taɓa ji ba."

Na leƙa ta taga. Gaskiyarsa ne, a shekara talatin ban ga ranar da ta fi wannan dacewa da kayanmu ba, kuma ban taɓa tsanar wata rana kamar yadda na tsane ta ba.

"Wim," na ce, "zauna tukuna."

Na gaya masa. Can na ji ya ce, a hankali, kamar yana tambayar hanya:

"To yanzu ina zan kai shi?"